DALILIN DA YA SA NA ZAƁI ƘARAMIN KEKE MAI CAJI

A wannan karon na ɗan jingine ƙagaggen labari gefe guda, domin in yi magana a kan wani abu da ya shafi aljihuna da gadon bayana, wanda kuma na tabbata ya shafi da yawa daga cikinku da ke zaune a bayan gari kuna neman abinci a tsakiyar birni. Maganar ita ce ta keke mai caji, da kuma dalilin da ya sa da na tashi saye na tsallake manya-manyan nan masu ƙatuwar taya da ɗaukar ido, na ɗauki ɗan ƙarami wanda ake ninkewa gida biyu. Tambayar ta yi yawa, daga abokai har 'yan uwa, wasu da tausayi suke yin ta, wasu kuma da dariya, shi ya sa na ga gara in amsa ta sau ɗaya a rubuce kowa ya huta.

Amsar a taƙaice ita ce, keken da za a riƙa shiga motar haya da shi, yadda yake ɗaukar mutum haka shi ma mutum yake ɗaukarsa. Duk wanda ya manta da wannan a ranar ciniki, to zai riƙa tuna shi kullum safiya a bakin titi.

Amma bari in fara da yadda aka yi har mutum irina, wanda furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ya koma neman keke. Mutanen Kano ba su manta ba cewa a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Tun daga nan sai a-daidaita-sahu ta gaje titi, wadda dama tun zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau take nan, kuma daga shirin gyaran tarbiyya na wannan gwamnati ta samo sunanta. To ita a-daidaita-sahu ta bakin kwalta ce. Ɗan acaɓa a da har ƙofar gida yake kai mutum komai lungu, amma ɗan sahu in ka ce ya shiga da kai cikin unguwa, sai ya ce sai dai shata. Mun daure da hakan shekara goma, har ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake naira 1000 a gidajen mai da dama. Daga nan kuɗin shata ya zama abin da magidanci ba zai iya yi sau biyu a rana ba.

Ni ina zaune ne can ta bayan Rijiyar Zaki, wurin aikina kuma yana Sabon Gari, a wani shagon buga takardu da ke saman bene. Tafiyata ta kullum kashi uku ce. Daga gida zuwa bakin titi kusan kilomita 3, daga bakin titi zuwa inda mota ke sauke ni ya haura kilomita 10, sannan daga can zuwa shago kamar kilomita ɗaya da rabi. Na tsakiyan nan shi ne mafi tsawo, amma shi ne mafi sauƙi, domin mu da yawa muke haɗa kuɗin mota. Na farko da na ƙarshe su ne masu cin rai. In na taka da ƙafa, minti arba'in ne kafin in ga kwalta, in isa aiki a jiƙe da gumi kamar wanda ya yi noma. In kuma na ɗauki shata, kuɗin cefanen rabin yini ya tafi. Don haka abin da nake nema shi ne abin da zai cike mini waɗannan giɓi guda biyu, ya bar wa motar haya tsakiyar.

Wani zai ce, to me zai hana ka hau keken tun daga gida har Sabon Gari? Wanda ya san hanyar Gwarzo da Kabuga da safe ba zai yi wannan tambaya ba. Tsakanin manyan motoci da 'yan sahu masu yanko hannu ba sigina, ga rana, ga ƙura, mai keke shi ne marayan titi. Ina da 'ya'ya ƙanana, kuma ban ga ribar da za ta sa in riƙa jefa kaina a wannan hali sau biyu kullum ba.

Da na shiga kasuwa a farkon 2024, iri biyu na tarar. Akwai manya, wasu da taya kamar ta babur, wasu da siffar babur ɗin mata, da kujerar goyo da kwando da fitila mai haske. Akwai kuma ƙanana masu ninkuwa, waɗanda yawanci a can ƙuryar shago ake jingine su. Duk shagon da na shiga, babban ake fara nuna mini. Wani saurayi mai shago ya ce da ni, "Alhaji, ai irinku wannan ne ya dace da ku. Caji ɗaya sai ka je Wudil, ga shi ka goya Hajiya a baya ba ruwanka." Na ce masa, "Ƙanena, na ji nisan da zai kai ni. Kilo nawa ne shi?" Sai ya yi dariya ya ce shi tun da yake sayar da keke ba a taɓa tambayarsa wannan ba.

Ba laifinsa ba ne. Yawancin waɗannan kekuna daga ƙasar Sin ake kawo su, inda ake da su fiye da miliyan 300, kuma can an ƙera su ne domin wanda zai hau daga ƙofar gidansa ya sauka a ƙofar ma'aikatarsa. Dokar da suka fara aiki da ita a watan Afrilun 2019 ta yarda a wancan lokacin keke mai caji ya kai nauyin kilo 55. Mai karatu, buhun siminti kilo 50 ne. Ka ga ke nan wanda ya ƙera irin wannan keke bai taɓa kawo wa ransa cewa wani zai cicciɓe shi ya tura a bayan motar haya ba.

Ni kuwa na san nauyi, domin shekarun da na yi ina dakon katan ɗin littattafaina daga maɗaba'a zuwa shagunan 'yan kasuwa sun koya mini cewa kayan da ka ɗaga sau ɗaya ka ji babu komai, in ka ɗaga shi sau goma jiki zai gaya maka gaskiya. Don haka kafin in cire ko kwabo sai na zauna na ƙirga sau nawa zan ɗaga keken nan a rana. Zan ɗaga shi in tsallake dokin ƙofar zaure. Zan ɗaga shi in haye kwatar da ke bakin titinmu. Zan ɗaga shi in sa a mota, in kuma ɗaga shi in sauke. Sannan ga matakalar bene, domin duk wanda ya bar keke mai batir a ƙasa a cikin kasuwa ya hau sama, to ya yi sadaka da shi. Sau biyar ke nan da safe, sau biyar da yamma. Sau goma a rana, kwana shida a mako.

Daga nan sai na yi gwaji a gida da abin da kowa yake da shi. Jakar fiya-wata mai leda ashirin kilo 10 ce, tun da kowace leda rabin lita ce. Na ɗaure biyu wuri ɗaya, kilo 20 ke nan, na ɗauka da hannu ɗaya na hau matakalar soron maƙwabcina na sauko. Na iya, amma da nishi. Na ƙara rabin jaka, sai na ji ƙuguna yana yi mini gargaɗi. A nan na yanke wa kaina hukunci cewa duk keken da ya haura kilo 18 ba nawa ba ne, ko da kyauta aka ba ni. Ranar da zan koma kasuwa kuma sai na ari sikelin rataye irin na 'yan gwangwan na tafi da shi a aljihu, domin abin da aka rubuta a jikin kwali daban, abin da hannu zai ɗaga daban. Wani lokaci nauyin da ke rubuce babu batir a ciki. Wanda na saya, da batirinsa da komai, kilo 17 da rabi ya nuna.

Yana da kyau mai niyyar saye ya san daga ina nauyin yake fitowa. Na farko batir. Masu araha da yawa batirin dalma ne a cikinsu, irin na mota amma ƙanana, guda huɗu a jere, kowanne kusan kilo 4. Batirin kaɗai ya kusa kai nauyin kekena gaba ɗaya. Na litiyam, irin wanda ke cikin wayar hannu, shi ne mara nauyi, nawa bai wuce kilo 2 da 'yan kai ba. Na biyu gangar jiki, ta baƙin ƙarfe ta fi ta alminiyam nauyi. Na uku taya, masu faɗin inci 4 ɗin nan da ake yayi su kan kai keke kilo 30 ko fiye. Na huɗu injin da ke cikin cibiyar taya, duk yadda ya ƙara ƙarfi haka yake ƙara nauyi, kuma haka yake ƙara zuƙe batir. Mai ƙarfin wat 250, wanda shi ne ma'aunin da ake bi a ƙasashen Turai tare da gudun da ba ya wuce kilomita 25 a awa, ya ishi mai tafiya cikin unguwa, musamman a gari shimfiɗaɗɗe irin Kano da ba mu da hawa da gangara.

Inda ake kama mai saye shi ne wajen nisan zango. Kowa yana son ya ji an ce caji ɗaya zai yi kilomita 60 ko 80, alhali kowane kilomita da aka ƙara maka, batir aka ƙara, wato nauyi aka ƙara maka a kafaɗa. Lissafin ba shi da wuya, ni da iyakata sakandare ma na yi shi. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V ɗaya da Ah. Ka ninka su. Nawa 36 ne da 7.8, ya ba da kusan 280. Mai matsakaicin jiki da ke taimaka wa inji da feda yana cin kamar 10 daga cikin wannan a kowane kilomita, ka ga caji ɗaya zai kai ni wajen kilomita 25. Ni kuwa abin da nake yi a kan keke a rana kilomita 9 ne, in an haɗa da zuwa masallaci da ɗan aike a ce 12. Kwana biyu ke nan kafin in nemi wuta. To me zan yi da batirin zuwa Wudil, ni da ba Wudil za ni ba? Cika shi kuwa ba ya cin rabin yunit na wuta, wanda ko da farashin da aka sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, bai kai naira 100 ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin keke ba shi da nasa aibin. Yana da shi, kuma gara in faɗa tun yanzu. Ƙaramar taya ba ta son yashi, kuma lungunanmu yashi ne da rani, taɓo da damina. Shi ya sa tsakanin mai inci 16 da mai inci 20 na ɗauki mai 20, ko da yake ya fi cin wuri in an ninke shi. Duk da haka akwai wani wuri kusa da gidanmu da dole in sauka in tura. Ba ya goyo, don haka ranar da yaro ba shi da lafiya sai an nemi ɗan sahu. Ba ya ɗaukar buhun masara. Duk ramin da ka faɗa kuma sai ka ji shi har tsakiyar kanka. Sannan abin mamaki, a harkar keke rashin nauyi shi ne tsada. Akwai wani da ake ƙerawa a Landan mai suna Brompton, wanda in an ninke shi bai fi ƙaramar jakar tafiya ba, amma kuɗinsa ya haura fam 2000, ka ga wannan sai dai mu ji labari. Irin namu na talakawa ma, sai da na ƙara kuɗi a kan abin da aka yi mini tayin wani babba mai batirin dalma.

Sai zancen shiga mota, wanda shi ne asalin dalilin sayen. Keken da ba ya ninkuwa babu direban da zai saurare ka da shi, sai dai a ɗaure a saman mota kamar akuya, kuma ba kullum za a yi maka wannan ba. Nawa kafin mota ta gama tsayawa na ninke shi. Na sa tela ya ɗinka masa riga da buhun shinkafa, saboda baƙin man kaca kada ya ɓata wa wani farar shadda ko ya shafi hijabin wata, domin haƙƙin abokin zama a mota abu ne da Allah zai tambaya. A bas yana shiga but, a a-daidaita-sahu kuma in babu cunkoso ina riƙe shi a gabana. Wani yaron mota yakan ce, "Baba, kayan nan fa sai an biya masa." In ya faɗi abin da hankali zai ɗauka in biya ba gardama, ai wuri ya ci. Wasu da muka saba kuwa ba sa karɓa. Na lura cewa abin da direba yake dubawa shi ne ko za ka ɓata masa lokaci. In ya ga ka ɗaga kayanka da hannu ɗaya ka sa ba tare da ka ce a kama maka ba, gobe ma zai tsaya maka.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Hukumar sufurin birnin Landan, daga ranar 31 ga Maris 2025, ta hana shiga jiragen ƙarƙashin ƙasa da yawancin jiragenta da keke mai caji, in ban da wanda ake ninkewa. Dalilinsu gobara ne, musamman daga kekunan da aka saya na feda zalla aka zo aka liƙa musu inji da batir daga baya. Wannan batu na gobara ina roƙon mai karatu ya riƙe shi da kyau. A birnin Niyok na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai mutum 18 ne suka rasu a gobarar batirin litiyam. Wutarsa tana tashi farat ɗaya, kuma tana da wuyar kashewa. Mu nan ga zafin bazara da kan haura digiri 40, ga wutar da ake kawowa wani lokaci da ƙarfi fiye da kima. Don haka ni ba na caji da wata caja in ba tasa ba, ba na sa shi a wuta yana da zafi daga dawowa, ba na barinsa a rana, ba na kwana na bar shi a jone, kuma ba na caji a ɗakin da yara suke barci ko a bakin ƙofar da za a fita in wani abu ya faru. Batirin da ya kumbura ko ya faɗi ya tsage, a rabu da shi, kada a kai wa mai gyaran rediyo ya yi masa dabara. Na kuma zaɓi wanda ake zare batirinsa, saboda in babu wuta a gida in cika shi a shago inda muke da sola, ina zaune ina kallonsa.

Ranar da na ƙara gode wa Allah da wannan zaɓi ita ce a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi fiye da mako guda a cikin duhu. Wani maƙwabcinmu mai babban keke, wanda dama yakan zolaye ni ya ce na sayi keken 'yan firamare, jingine nasa ya yi a zaure, domin abin da ya kusa nauyin buhun siminti ba ya tukuwa da feda. Ni kuwa da solar shago ta kasa ɗaukar kowa da kowa, sai na zare batirin na ajiye a gida, keken ya koma kilo 15 da ɗoriya, na ci gaba da tuƙa abina kamar kowane keke. A ƙasar da wuta ba ta da alƙawari, ya kamata mai saye ya tambayi kansa, ranar da batir ya mutu a hanya, wannan abin keke ne ko kaya?

Saura magana ɗaya, wadda na san ita ce ta fi hana mutane, ko da yake ba sa faɗa. Ita ce maganar girma. Ranar da na kawo shi gida, uwargida ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Malam, yanzu duk sunan da ka yi a rubutu, a kan wannan mutane za su riƙa ganinka?" Na ce mata sunan yana nan a bangon littafi, ba ya biyan kuɗin shata. Mahaifina da sa'o'insa a kan Raleigh da Phoenix suka yi malanta da kasuwanci, da babbar riga da hula, suna naɗe ƙafar wando su hau, kuma babu wanda ya raina su. Mu ne muka zo muka mai da keke alamar talauci, har ya zama in dai dole sai mutum ya hau, to gara ya hau mai kama da babur don kada a ce keke ne. Wannan tunani shi yake sa a sayi babba, a zo a kasa ɗaga shi, a koma biyan shata, shi kuma yana zaure yana shan ƙura. Da wata ya ƙare uwargida ta ga kuɗin cefane bai yanke a ranar ashirin ba kamar yadda ya saba, da kanta ta sa yara suka riƙa goge shi da yamma.

Don haka shawarata ga ɗan uwa mai wannan niyya ita ce, kafin ka je kasuwa ka auna hanyarka, ka san kilomita nawa ne tsakanin gidanka da bakin titi, da tsakanin tasha da wurin aikinka. Ka ƙirga sau nawa za ka ɗaga shi. Ka gwada ƙarfinka da jakar ruwa a kan matakala, kuma ka yi gwajin da yamma lokacin da ka gaji, domin a wannan lokacin za ka fi jin nauyinsa. In ka je shago ka ninke shi da hannunka, ka ɗaga, ka taka da shi, ka kuma hau shi a kashe ka ji yadda yake tukuwa. Ka tambaya ko ana samun tayarsa da tib ɗinsa da batirinsa a gari. In kuwa tafiyarka daga ƙofa zuwa ƙofa ce, babu mota a tsakani, babu bene, kuma kana da goyo, to sayi babban, shi ne daidai da kai. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya kare mu daga sharrin ƙarfe, ya tsare mana iyalanmu daga gobara, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya kuma kawo mana sauƙin wannan rayuwa. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.